Shekarun jira kafin gona ta samu shaidar noman da ba sinadarai

Buƙatar abincin da aka noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi na sinadarai ba tana ƙaruwa kowace shekara, har cinikinsa a duniya ya haura Yuro biliyan 130 a shekarar 2022, Amurka da Jamus na kan gaba wajen saye. Mafi yawan masu noma shi kuwa ƙananan manoma ne, kuma Indiya ta fi kowace ƙasa yawansu.

Abin da ya fi damuna shi ne wahalar da manomi yake sha kafin ya shiga wannan kasuwa. Dokar Amurka ta ce sai gona ta yi shekara uku ba a zuba mata sinadarin da aka haramta ba kafin a ba amfaninta takardar shaida, Tarayyar Turai kuma ta sa shekara biyu ga amfanin da ake shukawa duk shekara, uku ga itatuwa. A tsawon wannan jira manomi ya koma ga kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, yana sauya shuka tsakanin hatsi da dangin wake don ƙasa ta farfaɗo, ciyawar da feshi ɗaya yake kashewa kuma sai an bi ta da hannu. Sau da yawa amfanin yakan ragu, amma dole ya sayar a farashin kowa da kowa. Bayan haka ga kuɗin mai bincike, wanda zai zo ya duba littafin bayanan gona da buhunan iri da ɗakin ajiya, har ya auna tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcin da ke feshi.

Gaggawa ma ba ta da amfani. A watan Afrilun 2021 Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani lokaci guda, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare aka sassauta dokar.

Tarayyar Turai tana son kashi 25 cikin ɗari na gonakinta su koma wannan tsari zuwa 2030, kuma tana tallafa wa manomanta a shekarun sauyi. A ganina, kamfanonin da ke sayen amfanin ƙananan manoma su ma ya kamata su ɗauki rabonsu na wannan nauyi, su yi alkawarin saye tun shekarar farko, su kuma biya kuɗin shaidar da ake ba ƙungiyar manoma gaba ɗaya.