Kafin ka kunna kwamfuta, leƙa Panteka

Ilimin tattalin arziki nake koyarwa, kuma bincikena na farko a kan alaƙar karatu da samun aiki ya kusa ba ni kunya. Ina zaune a ofis na tsara tambayoyi, na tura ɗalibai unguwannin Rigasa da Tudun Wada da Kakuri a Kaduna, ni kuwa ko ƙofar gida ɗaya ban taka ba. Takardu suka dawo suna cewa kusan kowa zaman kashe wando yake. Ban yi tantama ba. Ai masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe tun 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, abin da kunnena ke son ji ke nan.

Wata rana na kai gyaran ƙofa Panteka, kasuwar masu walda da ƙere-ƙere ta Kaduna. Ina jira, sai na jefa wa mai waldar tambayata ta farko: "Malam, kana da aiki?" Hannunsa baƙi ƙirin, ga yara uku suna koyon sana'a a gabansa. Ya ɗaga tabarau ya ce, "Wane aiki, yallaɓai? Mu ba mu samu ba, sai dai buga-buga." Ashe a bakin mutanenmu aiki shi ne na albashi, saura kuwa sana'a ce ko neman abinci. Haka aka yi da tambayar makaranta: wanda ya sauke Alƙur'ani ya ce bai yi boko ba, ɗalibaina suka rubuta masa sifili. Rabin shekara ta tafi a banza.

Ɗan'uwa, tambayarka ka fara gwada ta da bakinka a kan mutum goma, ka ji yadda suka fahimce ta. Alƙaluman hukuma ma ka tambayi mudun da aka auna su da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, a farkon 2023 ta ce 4.1. Ba masana'antu aka buɗe ba, mudu aka sauya: aikin awa ɗaya a mako ya isa a lissafa ka cikin masu aiki.

Sai siyasa. A 2017, da gwamnatin El-Rufa'i ta Jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, na yi wuf na shiga rediyo na ɗauki ɓangare, alhali ko takardar jarrabawar ban gani ba. Har yau akwai masu yi wa kowane bincikena kallon na ɗan jam'iyya. Yanzu in aka kira ni a kan abin da ban bincika ba, cewa nake a ba ni mako biyu.