Ga Ƙannena da Aka Yi wa Aikin Rage Tumbi

Ƙannena, maganata ta shafi rayuwa bayan an sallame ku daga asibiti, domin a nan ne na yi tuntuɓe. Aikin da aka yi mini don rage ƙiba shi ne wanda likitoci ke cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, su bar wani siriri mai siffar ayaba. Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita ɗaya ko fiye, amma wanda ake bari ba ya wuce mililita 100 zuwa 150 a farko, kuma wanda aka yi wa aikin karkatar da hanji, wato wani nau'in aikin da ake haɗa ɗan yankin tumbi kai tsaye da hanji, ɗan aljihun tumbin da ake bar masa kusan mililita 30 ne. A irin aikin da aka yi mini, ɓangaren da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa mutum yake yin watanni abinci bai dame shi ba.

Wannan rashin yunwar ne ya yaudare ni, har na ɗauka ƙaramin tumbi zai tsare ni daga duk wani abin da zai dawo da ƙiba. Loma biyu ko uku na tuwo da ɗan nama sukan cika ni har ƙirjina ya yi nauyi, amma fura mai sukari, da kunu, da shayi mai madara, da lemon kwalba, duk suna wucewa ba tare da wahala ba. Sai na guje wa abin da ke tsaya mini, na koma ga abin da ke zarcewa, ina kurɓa daga safe har dare. Nauyina ya daina raguwa, gashina yana zuba, gaɓoɓina sun yi sanyi. Da na koma wurin mai ba da shawara kan abinci, ta nuna mini cewa jiki yana buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kowace rana, kuma tunda wurin ƙarami ne, dole abin da ya fi amfani ya fara shiga. Ku fara da kifi, ko ƙwai, ko naman kaza mai laushi, ko alala da awara, sannan ganye, shinkafa ko tuwo su zo a ƙarshe idan akwai sauran wuri.

Akwai kuma yadda muka taso muna cin abinci. Mun saba haɗiye lomar tuwo ba tare da tauna ba, miyar kuka ko kuɓewa ta sulale da ita, mu bi da ruwa. Sabon tumbi ba ya jure wannan. Ku yi ƙaramar loma, ku tauna ta sosai, ku ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan abincin, kuma ku bar ruwa sai bayan rabin awa da gamawa, domin haɗa su yana kawo amai ko ya kore abincin da wuri yunwa ta dawo. Shaƙuwa ko nauyi a ƙirji alama ce ta a ajiye cokali nan take.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne kunya. Na ɓoye aikin, don haka duk gidan da na shiga aka ajiye mini kwano, sai in tilasta wa kaina don kada a ce na raina abincin mutane. A gidan biki na sha zaƙi har zuciyata ta riƙa bugawa, gumi ya keto mini, jiri ya ɗebe ni, wanda yakan faru cikin minti 10 zuwa 30 idan sukari ya faɗa hanji da sauri. Ku gaya wa iyayenku da makusantanku gaskiya. Inna da ta fahimta, ita ce ta riƙa kare ni a cikin dangi.

Kada ku daina shan ƙwayoyin bitamin don kun ji ƙarfi, kamar yadda na daina har jinina ya yi ƙasa. Bitamin B12, da sinadarin ƙarfe, da kalsiyam, da bitamin D, ana bibiyarsu da gwajin jini har tsawon rayuwa. Amai da ya ƙi tsayawa yana iya ƙarar da bitamin B1 ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, saboda haka ku garzaya asibiti. Ku guji magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, domin suna jawo gyambon ciki. Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma kafin azumin farko bayan aikin ku zauna da likitanku tun Sha'aban bai shigo ba, ku ji ko jikinku ya kai.