Maimaita magana kafin a taɓa wayar wuta

Kamfanina ƙarami ne, aikinmu kuwa shi ne kafa na'urorin sola a gidaje da ofisoshi. Idan muka fita aiki, wani yana kan rufi yana ɗaura farantan sola, wani yana ƙasa wajen inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda ake amfani da ita a gida) da batura, wani kuma yana jan waya a tsakaninsu, kuma galibi babu mai ganin ɗan'uwansa, sai dai su ji muryar juna.

Farantin sola ba ya daina samar da wuta muddin rana tana dukansa, ko da an kashe makunni a ƙasa, kuma idan aka jera farantai da yawa a layi ɗaya, ƙarfin wutar yana taruwa har ya isa ya halaka mutum. Don haka kalmar "na kashe" ba ta wadatarwa, domin na ƙasa yana iya nufin inbata, na sama kuma ya ɗauka wayar da ke hannunsa ake nufi. Ƙa'idarmu ita ce duk wanda aka yi wa magana ya maimaita ta da bakinsa, ya ambaci wayar da ake magana a kanta, sannan ya auna ta da mitar gwada wuta kafin ya taɓa.

Abin da ya fi wuya shi ne babba ya saurari ƙarami. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 na kamfanonin KLM da Pan Am sun yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, amma kyaftin ya amsa masa da tabbaci, ya ci gaba da gudu. Labarin yana taɓa ni ƙwarai, domin a wajenmu ma mai koyon aiki ne ke riƙe tsani, shi ne ke kusa da wayar da ta saɓule, shi ne kuma ya fi jin nauyin katse maigidansa. Saboda haka na ba kowa ikon cewa a dakata, kuma idan ya faɗa ana dakatawa nan take, ba a kuma yi masa faɗa ko da an duba an tarar babu matsala. Kowace safiya, kafin a hau rufi, mafi ƙanƙanta a cikinmu ne ke fara bayyana tsarin aikin ranar kamar yadda ya fahimce shi, sannan manya su gyara masa.