Alhamis, gidan Gwaggo

Da safe na shiga Kasuwar Bacci ta Kaduna neman atamfar ankon bikin Auta, na kuma samu da sauƙi. Murna ta sa na ce bari in leƙa Gwaggo, tunda ga ni a Tudun Wada.

Na tsaya a gabanta, ko taku biyu babu tsakaninmu, ta ce, "Wace ce?" Sai da na gaishe ta ta gane muryata. Idonta na dama ya yi fari kamar an ɗiga nono, na hagun ma yanar ido ta kama shi. Ashe dalilin da ya sa ta daina zuwa suna da ta'aziyya ke nan. Mu kuma muna ta gulma wai girman kai ya shige ta, a gaishe ta a hanya ta wuce. Kaskon ƙosanta na jingine a bayan ƙyaure. Jikarta kuma rabonta da makaranta tun bayan Sallah, ita ce 'yar jagora.

Na ce, "Gwaggo, ga Asibitin Ido na Ƙasa nan bakin bai-fas, mutane daga wasu jihohi suke zuwa. Kashe ciwon wurin ake yi, a cire yanar, a sa wata ƙwaya ta roba. Bai fi rabin awa ba, washegari a buɗe bandeji."

Baffa ya ce ai yanar ido sai ta nuna ake cire ta. Saura kaɗan in ce ba mangwaro ba ce, na haɗiye. Gwaggo kuwa tsoronta maƙwabcinsu ne, wanda mai maganin gargajiya ya tura masa yanar can cikin ido da tsinke, ya ga haske na 'yan kwanaki, daga nan duhu har yau. Na ce wancan daban, wannan daban. Na ma kawo binciken da aka yi tsakanin 2005 da 2007, cewa kashi 43 cikin 100 na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama a Najeriya yanar ido ce, kuma tana warkewa. Ko gezau.

Sai ta yi ƙasa da murya: "'Yar nan, kuɗin fa? Idon da ya ga shekara 70, a bar yara su ci abinci."

Nan bakina ya mutu, ga ledar atamfa a hannuna.

Na kira Yaya, bai ɗaga ba. Wanki bai yiwu ba. Atamfar na kan gado, ko buɗe ta ban yi ba.