Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsakanin Mayu da Nuwamba

A makon jiya mun tsaya a inda ICAN ta yafe mini matakin farko na jarrabawarta saboda digirin akanta da na yi a Jami'ar Bayero, na faɗa matakin tsakiya kai tsaye. Ga wanda bai saba da harkar ba, ICAN ita ce cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965. Matakai uku ake hawa, kowace takarda sai ka samu maki 50 cikin 100 kafin a ce ka haye, ko 49 ka samu babu mai sauraronka. A lokacin da nake ba ku labari, Mayu da Nuwamba ake zama.

Zangon Mayun 2022 da takardu uku na shiga: haraji, binciken asusu, da rahoton kuɗi wanda kowa ke kira FR. Karatun a cikin azumi ya faɗo, domin kusan duk Afrilun shekarar a Ramadan muka cinye shi, wanda kuwa ya san Kano a Afrilu ba sai an yi masa bayani ba. In tashi daga aiki a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa, in zo in tarar da girkin buɗa-baki na jirana, bayan asham in buɗe littafi, a ɗauke wuta, in koma fitilar caji, gumi na ɗiga a kan takarda. Ofis kuma ba ya ɗaga ƙafa. Harajin albashin ma'aikata sai an biya kafin 10 ga wata, na VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, kafin 21, ko kina da jarrabawa ko ba ki da ita.

Takardar haraji na fi tsoro, saboda doka ba ta zama wuri ɗaya. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5, ta yafe wa ƙananan kamfanonin da cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba harajin riba. Ta 2021 ta ƙara harajin ilimi daga kashi 2 zuwa 2.5. Littafin da na aro daga wata da ta gama tun da daɗewa, wasu shafukansa sun zama tarihi. FR kuwa ban ɗauke ta da zafi ba, ai ita ce sana'ata.

Ranar da sakamako ya fito ina ofis. Tun safe wayata ke ƙara, 'yan ajinmu na lasin suna ta turo hamdala da hotunan sakamako. Ban iya dubawa a kan tebur ba. Na ɗauki buta kamar mai shirin alwala, na shige ɗan ɗakin da mata ke salla a bayan sito, na zauna a kan dadduma na sa lambata. Haraji na haye. Binciken asusu na haye. FR, arba'in da 'yan kai. Ina zaune ina kallon wayar sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, mai sharar ofis tana cewa, "Anti, in kin idar zan shigo." Na goge fuska da gefen hijabi, na fito na ci gaba da haɗa baucan albashi.

Kowa ya ce biyu cikin uku ba abin kuka ba ne, kuma gaskiyarsu. Sai dai da a haraji na faɗi, da na ce doka ce ta canza. FR ita na yi shekaru ina karantawa a jami'a, da ita nake karɓar albashi. A gidanmu kuma ni ce mai ƙwaƙwalwa, tun ina firamare matan gida ke kawo mini lissafin adashe. Sai zuciya ta fara saƙa mini: anya makin da kika riƙa samu a jami'a ba hadda ba ce kawai? Anya ba sa'a ce ta kawo ki kujerar nan ba? Wata rana fa za a gane ki.

Abin bai tsaya ga littafi ba, ya bi ni har teburin aiki. Lissafin da a da nake yi da ka, sai na danna kalkuleta, in goge in sake dannawa. In oga ya kira sunana daga ofishinsa gabana ya faɗi, alhali sa hannu kawai yake nema. Wani abokin aiki mai yawan barkwanci kan ce, "Madam ICAN, yaushe za mu ci shinkafar walima?" In yi dariya, in wuni da maganar a ƙirji.

Shi ne kuma ya ba ni shawarar in koma ANAN, wata ƙungiyar akantocin daban, in tafi kwalejinsu da ke Filato in huta da wahala. Ba na cikin masu raina ANAN. Ƙungiya ce da doka ta amince da ita tun 1993, kuma na san gogaggun akantoci a ma'aikatun gwamnati da suka bi ta can. Amma wanda ya zaɓe ta tun farko daban, wadda ta gudo mata saboda tsoron takarda ɗaya daban. Na san ko na samo satifiket ɗin, zuciyar nan ba za ta bar ni ba.

Da damina ta kankama sai jiki ya fara magana. Ina kwanciya ido ya ƙeƙashe, in na runtsa in yi mafarkin ana karɓe mini takarda ban gama ba. Kai na sarawa, zuciya na bugu, ciki na zafi don kofin da nake ɗirkawa da dare. Wata rana Ummi ta ja mini littafi tana son in duba zanenta, na daka mata tsawar da ta sa ta maƙale a bayan ƙofa. Washegari Abban Ummi ya kai ni wani asibiti a unguwarmu. Likitar ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta sake ɗaurawa, sannan ta ce, "Hajiya, awa nawa kike barci?" Da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce jinina ya ɗan hau, ba za ta ɗora ni a kan magani yanzu ba, in bar kofi, in nemi barci, in dawo a sake aunawa.

A gida kowa da tasa fassarar. Wata gwaggona ta ce baki ne, a nemo rubutu. Surukata ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, digirin bai isa ba sai kin kashe kanki?" Na ji haushin maganar a lokacin, amma ita ce daga baya ta riƙa ɗauke mini yara duk Asabar ba tare da na roƙa ba. Umma ba ta tsawaita ba. Ta ce in lizimci addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki safe da yamma, in kuma daina buɗe littafi bayan na idar da ita da dare.

Abban Ummi shi da sharaɗi ya zo. Ya ce, "Kuɗin rajistar Nuwamba ni zan biya, amma takarda ɗaya za ki zauna. Ƙarfe sha ɗaya kuma a kashe fitila."

Na ce, "Haba Abban Ummi, takarda ɗaya? Sa'o'ina har sun fara matakin ƙarshe."

Ya ce, "To, su je. In sun isa su ajiye miki kujera."

Na yi fushi na kwana biyu, sannan na yarda.

Inda FR ta fi ba ni wuya shi ne haɗa asusun rukunin kamfanoni, wato uwar kamfani da 'ya'yanta a fitar musu da rahoto ɗaya, kamar yadda ƙa'idar IFRS 10 ta tanada. Tun 2012 Najeriya ta fara bin waɗannan ƙa'idoji na duniya, don haka babu hanyar kauce musu. Na haddace matakan tsaf, amma da an juya tambaya sai in rikice, musamman wajen cire ribar da ba ta tabbata ba.

Wata Asabar na biya Kantin Kwari gaida Baba. Na tarar da shi da Yaya sun baje littattafai suna lissafin shekara. Baba na da shagon sari a Kwari, ya kuma buɗe wa Yaya na sayar da ɗai-ɗai a Sabon Gari, duk jarinsa ne. Yaya ya karanto ribar shagon Kwari har da shaddar da aka tura Sabon Gari. Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Bandir nawa ka sayar a cikin waɗanda na ba ka?"

"Rabi, Baba."

"To rabin ribar za ka rubuta. Na sayo a dubu tamanin, na rubuta maka a dubu ɗari. Wanda ke jibge a shagonka har yanzu dubu tamanin ne. Daga aljihun dama zuwa na hagu ba ciniki ba ne. Sai baƙo ya biya ya fita da kaya sannan riba ta zama tawa."

Na ce, "Baba, don Allah maimaita." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da kike da digiri?" Ya maimaita. Na zauna a kan dilar atamfa na rubuta a bayan rasit. Baba bai taɓa jin sunan IFRS ba, amma abin da aka cika shafuka ana yi mini bayani da Turanci, shi ne ya faɗa yana kurɓar shayi. Na fito daga kasuwar ina jin cewa ashe abin ba ya fi ƙarfin kaina ba ne, a gidanmu ma ake yin sa.

Wannan ya ba ni ƙarfin halin yin abin da na daɗe ina jin nauyinsa. A wurin lasin ɗinmu da ke titin Gidan Zoo akwai wani dattijon malami, tsohon odita. Na amsa tambayar wata tsohuwar jarrabawa na kai masa na ce, "Malam, a duba mini kamar yadda za a duba a Legas, kada a ji tausayina." Bayan mako ya dawo mini da ita ta sha jan biro. Ya ce, "Malama, ilimi ba shi ne matsalarki ba. Zo ki ga lissafi." Awa uku da kwata ake bayarwa, kwatan na karanta tambayoyi ne. Saura minti 180 a kan maki 100, kowane maki bai kai minti biyu ba. Tambayar tilas mai maki 30 haƙƙinta minti 54. Ya ce yawancin ɗalibai a nan suke narkewa, su yi awa ɗaya da rabi suna neman ɓangarori biyu na lissafin su daidaita, su bar tambayoyin bayani masu sauƙin maki ba a taɓa ba. "Ko bai daidaita ba, wuce. Kowane mataki da kika nuna aikinsa yana da makinsa."

Ya kuma sa ni karanta rahoton masu gyaran jarrabawa da ke cikin Pathfinder, littafin da ICAN ke fitarwa bayan kowane zango da tambayoyi da amsoshinsu. Da yawanmu amsa kawai muke dubawa mu tsallake rahoton. A ciki na ga an jera inda ɗalibai suka yi tuntuɓe, kuma abubuwan da na ɗauka daƙiƙancina ne ni kaɗai, ga su nan a rubuce a matsayin ciwon kowa. A ganina wannan shi ya fi komai rage mini nauyi. Muddin kina karatu ke kaɗai babu mai auna ki, zuciya ce ke ba ki maki, ita kuwa ba ta da adalci. Da jan biron Malam ya shigo, sai "ban iya komai ba" ta koma "ina asarar maki goma sha wani abu a tambayoyin bayani", wannan kuwa abu ne da ake iya gyarawa kafin Nuwamba.

Yajin aikin ASUU na shekarar, wanda ya ɗauki daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya zaunar da ƙanena a gida, sai na mayar da shi mai sa ido. Duk Lahadi bayan sallar asuba ya zo ya karɓe wayata, ya ajiye agogo a kan tebur, ya zauna bakin ƙofa. Lokaci na cika ya fizge takardar ko ina tsakiyar jimla. "Yaya, ajiye biro!" Har da murtuke fuska. Da farko hannuna rawa yake, in yi minti goma ban rubuta komai ba. A hankali jiki ya saba da agogo. Dokar da gwamnatin jiha ta sa a watan Yuli ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare ita ma ta yi mini rana, don dole aka riƙa tashin lasin ɗin dare da wuri, na samu barcin da likita ta nema.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Akwai Lahadin da makina ya koma ƙasa, na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na dafa wa yara taliya. Amma na daina tashi tsakar dare, kuma da na koma asibiti jinin ya sauka.

Na cike takardar neman hutun mako biyu tun watan Satumba, oga ya sa hannu. Ana saura kwanaki kaɗan hutun ya fara, ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa. Oditocin waje sun matso da ranar zuwansu, za su fara ranar Litinin, kuma babu wanda ya san fayilolin kaya da na masu bin bashi kamar ni. Ya turo mini takardar hutun ta kan tebur ya ce, "Ki yi haƙuri, sai dai Mayu."

Abin da na ce masa, da yadda aka yi na shiga ɗakin jarrabawa a Nuwamban, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.