Keken da ba ya barin ƙafa ta huta

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara 20 yana hawa keke guda, baƙin Raleigh mai birkin ƙarfe da kariya a baya. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake ɗauko buhun gero, ranar Juma'a kuma ya ɗora ni a kan sandar gaba mu tafi masallaci. Giya ɗaya gare shi. Gyaransa bai wuce faci da man sarƙa ba, sai boris idan shekara ta zagayo. Ni kuwa da na fara aiki, sai na sayi keken tsere na gwanjo mai giya 12, siririn firam na ƙarfe, mara nauyi, abin sha'awa. Hunturu ɗaya ya ishe shi. Ƙurar Kano ta shige cikin abin sauya giya ta haɗu da mai ta zama kamar tuwon ƙasa, sarƙa ta dinga tsallake haƙora tana ƙara, wayar giya ta tsinke sau biyu. Wata rana na lura cewa daga gidanmu zuwa wurin aiki giya ɗaya tak nake amfani da ita, don garin nan shimfiɗaɗɗe ne, tudun da ke hanyata gadar sama ce kawai. Sauran 11 ɗin kaya ne nake dako.

Keke mai giya ɗaya iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Akwai irin na mahaifina, mai firiwil: in ka daina taka feda, keken ya ci gaba da tafiya, kana jin ƙarar nan ta tik-tik-tik. Akwai kuma wanda Turawa ke kira fiksi, ni ina ce masa mai kafaffen giya. Shi ƙaramin farantin haƙoran baya a ɗaure yake tamau da cibiyar wili. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa. Ka taka baya, keken ya yi baya. Na biyun ne ya shiga raina.

Na tura keken tseren nan nawa wurin wani dattijo da ke gyara a gindin dalbejiya a unguwarmu, wanda tun ina yaro shi ke yi mana faci. Na yi masa bayani, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, abin da kake faɗa ai ciwo ne. In firiwil ya cije, feda na bin taya, shi ake kawo mini in gyara." Na ce, "Baba, shi nake so, amma a yi shi da kyau." Ya ce to a kai wa mai walda ya ɗana wa firiwil ɗin wuta, magana ta ƙare. Na ƙi, kuma a nan ne muka fi daɗewa muna magana.

Dalilin ƙin shi ne tiredi, wato zanen nan da ke zagaye jikin ƙarfe da ake murɗa noti a kansa. Firiwil ana murɗa shi ne a kan cibiya ta hannun dama, taka feda gaba na ƙara ɗaure shi. Amma a kafaffen giya kana danne feda baya don rage gudu, wannan ƙarfin kuwa kwance shi yake yi. Ko ka walde cikinsa, dukan abin zai iya warwarewa daga cibiya kana tsakiyar titi, ƙafarka ta juya a banza. Cibiyar da aka ƙera don wannan aiki tana da tiredi hawa biyu: na ciki na farantin haƙora, na waje ɗan ƙarami kuma na hagu ne, a kansa ake murɗa zoben kulle. In farantin ya so kwancewa, sai ya ƙara matse zoben. Da na nuna wa Baba hoton a waya, ya juya shi a ransa, ya ce dabarar fedar hagu ce, ita ma tiredinta a juye yake don kada ta kwance. Daga nan bai sake musu ba. Na yi odar cibiya mai fuska biyu, gefe ɗaya kafaffe, ɗaya na firiwil, shi kuma ya ɗaure mini wilin da hannunsa, waya 36, yana juya shi yana kanne ido ɗaya har ya daina rawa.

Sa'ar da na yi ita ce tsufan firam ɗin. Tsagar da ƙarfen wilin baya ke shiga doguwa ce, a kwance, don haka ana iya jan wili baya har sarƙa ta miƙe. Yawancin kekunan zamani tsagarsu a tsaye take, babu wurin ja. Mai firiwil zai iya sa ɗan abin matse sarƙa ya wuce wurin, amma a kafaffen giya wannan abin ba ya aiki, danna feda baya ɗaya zai lanƙwasa shi. Duk mai son juya kekensa, wannan tsagar zai fara dubawa kafin ya kashe ko sisi.

Sauran aikin cire-cire ne. Muka kwance masu sauya giya na gaba da na baya, da wayoyinsu, da faranti ɗaya na gaba. Muka rage tsawon sarƙa. Abin da ya ci mana yini shi ne daidaita layi, wato farantin gaba da na baya su kalli juna sak, sarƙa ta tafi a miƙe kamar zaren magini. In ta karkace ko kaɗan, za ta yi ƙara, kuma za ta iya zamewa, zamewar sarƙa a irin wannan keke kuwa tana iya cije wilin baya nan take. Sai da muka mayar da farantin gaba ta cikin hannun feda kafin layin ya zauna. Matsin sarƙa ma da nasa: ba a ja ta kamar tsirkiya, ana barin ta ta ɗan motsa sama da ƙasa kamar santimita 1.

Na fara da haƙora 48 a gaba, 16 a baya. Taka ɗaya taya ta juya sau 3, kusan mita 6 da ɗoriya. A miƙaƙƙen titin BUK da sassafe daɗi ne da shi, amma a cunkoson Kabuga, inda ake tsayawa ana tashi, gwiwata ta fara magana. Na koma 46 da 17, wajen mita 5.7 a kowane zagaye, nan na tsaya har yau. Akwai wata fa'ida a 17 ɗin: mai 48 da 16, in yana tsayar da taya da ƙafa tana gurzar kwalta, wuri ɗaya take gurza kullum har ya huje, mai 17 kuwa gurzar ta rarrabu wuri 17 a jikin tayar.

Makon farko jiki ne ke koyo, ba kai ba. Tun ina ɗan shekara 7 ƙafata ta saba hutawa a gangare. Ranar da na fara sauka daga gadar Ƙofar Nassarawa, na saki ƙafa ban sani ba, feda ta ɗaga ni daga kan sirdi, keken ya yi tangal-tangal, Allah ya kiyaye babu mota a kusa. Bayan kwana biyu bakin wandona ya shiga tsakanin sarƙa da faranti, kuma wannan keken ba ya tsayawa ya jira ka zare, ya yage shi har gwiwa. Tun daga ranar nake naɗe ƙafar wandon dama, ranar Juma'a da manyan kaya kuwa ba na hawansa. Haka wajen goge sarƙa: kada ka taɓa kai yatsa ko tsumma kusa da haƙora wili na juyawa, nauyin wilin ne ke jan sarƙar, ba ta san yatsa ba.

Abin da na samu bayan nan yana da wuyar faɗa ga wanda bai hau ba. Keken shiru ne, sai ƙarar taya a kan kwalta. Ina jin yashin gefen titi a tafin ƙafata tun kafin taya ta zame. Gudu da rage gudu duk a cinya suke, idona kuma ya koyi hango abin da ke gaba da nisa, don ba a tsayawa da gaggawa.

A intanet za ka ga samarin New York da Landan suna hawa irinsa babu birki ko ɗaya. Asalin rashin birkin daga filin tseren keke ne, da'irar nan mai gangaren bango, irin wadda ke babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, ko ta tseren keirin da Japan ke yi tun 1948. A can kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tsallaka titi, birki ma haɗari ne ga na bayanka. Titinmu kuwa akwai ɗan adaidaita sahu da zai tsaya cak don an ɗaga masa hannu, akwai akuya, akwai yaro da tallan gyaɗa a ka. Na bar birkina na gaba a jikin keken, kuma ba na ganin burgewa a cire shi. In sarƙa ta tsinke, mara birki ba shi da abin tsayawa sai abin da ya tarar a gabansa, kuma sau da yawa mutum ne.

Cibiya mai fuska biyu ma tsohuwar dabara ce. Kafin a yarda da abin sauya giya a tseren Tour de France a 1937, mahaya sukan sauka a gindin dutse su kwance wilin baya su juya shi don samun giya mai sauƙi. Ni ma haka nake yi, sai dai dutsena azumi ne. Daren da aka ga watan Ramadan nakan kifa keken a tsakar gida, in ɗauko sufana mai lamba 15, in juya wilin zuwa gefen firiwil mai haƙora 18, in mayar da birkin baya da na ajiye a kwali. Dawowa daga aiki bayan la'asar da ƙishirwa, ƙafa na bukatar hutu a gangaren gada. Kwana biyu bayan sallah nake mayar da shi gefen 17, kuma duk shekara sai feda ta ɗan ture ni a sauka ta farko kafin ƙafar ta tuna.