Kalar gashi ta ruɗe ni wajen zaɓen kajin bantam

Lokacin da na fara kiwon bantam, waɗannan ƙananan kajin, wallahi ido kawai na bi. Na ga wani nau'insu da ake kira Sebrait, mai ruwan zinare, kowane gashi da baƙin layi a gefensa kamar an zana da biro, nan take na ɗauko. Ashe ita ba ruwanta da kwanci, ta yi ƙwai ta tashi ta kama gabanta, ni kuma ina ta jiran 'yan tsaki.

Sai da na kawo wani nau'in, Silki, na gane bambanci. Ita wannan gashinta kamar auduga, fatarta baƙa, yatsu biyar a ƙafa, kuma kwanci kamar an yi mata dole. Ko babu ƙwai a akurki za ta lafe, ta tsige gashin ƙirjinta, ka miƙa hannu ta kumbura tana gurnani, sau ɗaya a rana take fitowa ta ci ta sha ta koma. Kwana 21 dai ta ƙyanƙyashe maka, har ƙwan wata kaza tana karɓa. Matsalar fa, duk tsawon kwancin nan ba ta yin ƙwai, ga rama, to in ƙwai kake so kullum za ta ba ka haushi. Bantam ɗin da ake kira Pekin ma kusan haka take.

Kala kuwa, farare na fi jin tsoron sakinsu a fili saboda shaho yana hango su tun daga nesa, ga saurin datti. Wake-wake sun fi ɓacewa cikin ciyawa.